Ruwan da Ya Gangaro Daga Gidajen Alhaji

A shekarar da muka tare a gidanmu na bakin Koira Kano, babu komai a arewa da mu sai fili. Jan rairayi ne da ƴan sabara, har da kututturan gero na waɗanda suka taɓa noma wurin. In aka yi ruwa ƙasa ta shanye abinta, kafin a fito daga masallaci rariyarmu, wato layin gidajenmu, ta tsane. Ni tela ne, shagona yana Maourey, kuma a can na daɗe ina haya tun zuwana Yamai ina saurayi. Da na samu wannan ɗan parsel, wato fili, na gina, sai na ga kamar na gama da wahalar damina.

Daga baya wani Alhaji ɗan kasuwa ya sayi filin nan gaba ɗaya, ya jera gidajen haya masu kyau. Ya shafe tsakar kowane gida da siminti, haka ma hanyar da ta ratsa tsakaninsu. Magina suka huda katangar da ke kallonmu, suka zuro bututai. Mun gan su tun da rani, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Babban ruwan farko bayan la'asar ya sauka. Ina kan keken ɗinki maiɗakina ta kira ni a waya, ta ce in taho gida, amma in bar moto a bakin kwalta. Da na iso sai na tarar rariyarmu ta zama korama. Kowane bututu na Alhaji yana feso ruwa kamar bakin famfo, ruwan ya haɗu yana gudu da ledoji da takalman yara. Na naɗe wando har gwiwa na kutsa.

Washegari aka shiga cika buhuna da yashi, kowa yana tare ƙofarsa. Wanda ya tare, ruwa ya karkata wajen na kusa da shi. Maƙwabcina direban taksi da wani malamin lakkol, wato makarantar boko, da ke fuskantarsa suka yi cacar baki kan buhunan nan har suka daina gaisawa, alhali sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Ruwa kuwa bai san rigimarsu ba, ya ci gaba da neman gangare, kuma gidan da ya fi kowanne gangare shi ne na wata tsohuwa Bazabarmiya mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale. Gidan ƙasa ne, ya riga duk namu zama a wurin. A ruwa na gaba katangar madafarta ta kwanta. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki.

Da hantsi ta shigo gidana, ta zauna a kan tabarma ba ta jira an ce ta zauna ba.

"Tela, an ce kana jin Faransanci."

"Kaɗan-kaɗan, Inna. Na masu kawo ɗinki."

"Ya isa. Ka kai ni meri."

Na so in ba ta haƙuri, don a sanina talaka ba ya kai ƙarar mai gidaje ya dawo da wani abu. Amma ta riga ta yafa gyalenta. Direban taksi ya ce shi zai kai mu, mai unguwa kuma ya ce mu je da yawunsa.

A meri, wato ofishin magajin gari, aka yi ta nuna mana ƙofa bayan ƙofa, har muka faɗa buron masu kula da gine-gine da magudanan ruwa. Wata mata muka tarar, injiniya, ba ta kai ni shekaru ba. Ashe ma Faransancina bai da amfani, da Zabarmanci suka yi magana da tsohuwa, sannan ta juyo mana da Hausa. Ta ce akwai doka a kan wannan. Wanda zai yi babban gini ba shi da ikon juye wa maƙwabta ruwan rufinsa da na tsakar gidansa. Ko dai ya bar ƙasa a buɗe ta sha, ko ya haƙa inda ruwan zai taru ya nutse, ko ya haɗa da kanibo, wato babbar magudanar hukuma, in akwai shi kusa. Direba ya fara murmushi, sai ta ƙara da cewa dokar ta hana kowa toshe hanyar ruwa a rariya, ko da buhun yashi ne. Murmushin ya ragu.

"Ba zan yanke komai daga kan kujera ba," in ji ta. "In hadari ya haɗu da rana, ku kira ni."

A hanyar dawowa direba ya ce mun ga ƙarshenta ke nan. Ni ma haka na zata. Amma ranar da hadari ya taso daga gabas da azahar na kira ta, kuma ta zo, da takalman roba da lema. Ta bi ruwan da ƙafa tun daga bakin bututai har madafar da ta faɗi, tana ɗaukar hoto da wayarta, mu kuma muna biye da ita kamar masu rakiyar amarya.

Aka kira zama a gindin dogon yaron ƙofar mai unguwa. Alhaji ya zo a makare, ransa a ɓace. Ya ce shi da kuɗinsa ya sayi fili, da izini ya yi gini, bai ci iyakar kowa ba.

"Ruwan nan na Allah ne," ya ce. "Ni na saukar da shi?"

"Ruwa na Allah ne, Alhaji," in ji injiniya. "Bututun ne naka."

Wasu suka sunkuyar da kai don kada a ga dariyarsu. Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta ce, "Alhaji, ba faɗa na zo yi ba. Taso ka ga inda nake dafa abinci." Ya yi kamar zai ƙi, sannan ya tattare babbar rigarsa ya bi ta. Ban bi su ba, don haka ban san abin da suka ce wa juna ba. Da ya dawo sai ya wuce kai tsaye ya shiga motarsa. Bayan ƴan kwanaki aka sauke tubali da siminti a ƙofar tsohuwa, mai kamiyon ya ce shi dai aiko shi aka yi. Mu maza muka tayar mata da katangar a ranar Lahadi.

Maganar bututai kuwa shiru. Damina ta ƙare, kaka ta wuce, aka shiga sanyi, ba abin da ya motsa. Na koma meri sau da yawa har mai gadi ya san ni. Injiniya takan ce in ƙara haƙuri, magana tana tafiya. Daga baya muka fahimci inda ta dosa. Alhaji yana son ƙara wasu gidaje a sauran filinsa, aka ce ba za a ba shi izini ba sai ya gyara ruwan na farko. Ban ce tausayin tsohuwa bai taɓa shi ba, na ga fuskarsa ran nan. Amma izinin ne ya sa ƙafarsa sauri.

Da bazara ma'aikata suka zo. Suka fasa simintin hanyar tsakiya suka shimfiɗa pabe, irin tubalan nan da ruwa ke bi ta tsakaninsu. A kowane gida aka bar gefe guda na ƙasa. A kusurwar da ya yi niyyar gina shaguna aka haƙa rami mai faɗi marar zurfi sosai, aka zuba duwatsu da tsakuwa, aka kewaye shi da waya saboda yara, aka juya bututan duka suka kalli can.

Namu rabon aikin shi ne kwashe buhuna da gyara ƴar magudana a gefen rariya. Mai unguwa ya raba mu bibbiyu, kuma na tabbata da gangan ya haɗa direba da malamin lakkol. Da farko kowa yana haƙa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Can ƙotar shebur ɗin malam ta karye, direba ya miƙa masa nasa. Kafin azahar na ji suna gardamar ƙwallo.

Ranar ruwan farko na daminar da ta biyo baya ban je shago ba. Duk rariya muna tsaye a bakin ƙofofinmu muna kallo. Ruwa ya zo, amma iyakarsa idon sawu, ya bi magudana ya wuce. Na taka har wajen ramin na tarar ya cika, washegari kuma ya nutse, ya bar laka. Maiɗakina ta sauko da buhun shinkafar da ta ɗora a kan tebur tun da hadari ya fara haɗuwa.

Ba wai mun rabu da ruwa kwata-kwata ba. Akwai shekarar da aka yi mai yawa har ramin ya tumbatsa ya shigo mana tsakar gida, kuma babban kanibon da ake ta cewa zai iso unguwarmu har yau muna jira. Leda ma ba ta bar mu mun huta ba, duk farkon damina sai mun fito mun yashe magudana. Wani ƙanen tsohuwa mai lambu a Goudel ya kawo irin zogale ya dasa a gefen ramin da yardar Alhaji, yanzu daga nan take tsinko ganyen koptonta.

Bara ina shago sai ga motar Alhaji ta tsaya. Na ɗauka ɗinki ya kawo. Ya zauna a benci muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Wani ya sayi filin da ke arewa da gidajensa, yana ta zuba siminti, kuma an fara huda katanga.

"Tela, kai ka san ƙofofin meri," ya ce. "Ko za ka raka ni?"

Na ce masa ya bari in ƙarasa wuyan rigar da ke hannuna, mai ita yana hanya. Ya gyara zama ya jira.