Illiyasu da Fedar Keken Ɗinki

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 11 ga Fabrairun 2025, Allah ya karɓi ran taubashina, Malam Illiyasu mai gyaran rediyo na Titin Koudoukou a birnin Bangui, bayan gajeriyar jinya. Aka yi masa sutura bayan azahar. Ni Siddiq na raka shi, amma ban iya kama makararsa ba, don hannuwana rawa suke yi. Wannan abu ya yi mini ciwo ƙwarai.

Illiyasu, kai ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunka. Tun muna yara a unguwar Yakité ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da wani ya tsokani wani ba. Duk da haka ban san mutum mai tausayi irinka ba. Tsofaffin unguwa sukan kawo maka rediyonsu, in ka gyara sai ka kamo musu tashar Hausa, ka ɗiga jan fenti a wurin don kada ta sake ɓace musu. Ba wanda ya roƙe ka, kai ka ga ya dace.

Sana'ata kula da sauti ce a majalisin bege da walima. Kai ka haɗa mini akwatin eko, mai sa murya amsa-kuwwa, a cikin gwangwanin biskit, mai mamurɗi guda. Idan sha'iri yana tsakiyar baiti, sai in rage amsa-kuwwar don kalmomi su fito fes. Idan ya ja ƙarshen baitin, sai in sake ta ta cika fili. Aikin yatsa ne da kunne, kuma da shi aka san ni a unguwar Kilomita Biyar.

Sai ciwon rawar hannu ya same ni. A wata walima yatsuna suka kufce, eko ya haɗiye baitin Hamza, sha'irinmu, ya waiwayo ya dube ni a gaban jama'a. Bayan an tashi ya ce mini cikin ladabi, "Baba, ka ɗan huta." Na koma gida na zauna, ina jin haushin kowa, har da masu zuwa gaishe ni. Gani nake tawa ta ƙare.

Kai kaɗai ka shigo ba da fuskar jaje ba. Ka ce, "Ɗan kawu, hannun ne ya yi ritaya, ko har da kunnen?" Na ce ka fita mini daga gida. Ka fita, amma da akwatin a hamatarka.

Da ka dawo ka yi mini bayani. Ka ce akwatin bai san yatsa ba, ƙarfin wuta kawai ya sani. Ka cire mamurɗin, ka sa ɗan ƙwan fitila yana kallon wani ɗan ido mai jin haske, ka cusa su cikin bututun biro. In wuta ta ƙaru, ƙwan ya ƙara haske, idon ya buɗe wa eko hanya. In ta ragu, ya tsuke. Wutar kuwa daga fedar keken ɗinki za ta zo, wadda ka samo a Kasuwar Kilomita Biyar ka sake mata ciki. Na ce, wato da tsufana tela za ka mayar da ni. Ka ce ai da ma baki kawai nake ɗinkawa.

Gwajin farko a tsakar gidanka muka yi shi, da rana. Ina takawa, abin yana bin ƙafata, har na fara murmushi. Sai gajimare ya gusa, akwatin ya ɓarke da kuka babu tsayawa, awakin maƙwabta suka watse, matarka Hauwa'u ta fito tana salati. Na ce ka ga irinta, ka tara mana aljanu a gwangwani. Ka yi dariya har da hawaye. Ashe hasken rana ne ke ratsa biron, idon ya ɗauka umarni aka ba shi. Ka naɗe bututun da baƙar robar taya, kana ce mini "yeke yeke", wato a hankali. Da ka gama, ka ce in je in koya wa ƙafata, ranar da zan koma fili za ka zauna a sahun gaba ka yi mini dariya.

Allah bai nufa ka ga ranar ba. Ranar Asabar da ta wuce Hamza ya yarda ya gwada ni a wata walima. Na zauna, na ɗora hannuwana a cinya suna ta rawarsu, na sa ƙafa a kan fedar. Hamza ya ɗauki baiti, na rage. Ya ja ƙarshensa, na taka, muryar ta tashi ta cika layin. Har aka shafa fatiha bai waiwayo ba. Na yi kuka a wurin, ban kuma ji kunya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hauwa'u, da 'ya'yanka Nafisa da Hudaifa, da dangi na nan Bangui da na gida, da abokan sana'arka na Titin Koudoukou. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya albarkaci bayanka. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa Aljanna ce makomarka. Yadda ka tashe ni lokacin da na zauna, Allah ya tashe ka cikin salihan bayinSa.

Na koma bakin aikina, ɗan gwaggo. Na so a ce ka gani.