Sun Naɗe Nomau Kamar Tabarma

Ranar wata Laraba da hantsi, ƙarfen rufin wani tsohon sito ya faɗo wa ƙanena Nomau a gadon baya, a filin aikin wani ɗan kwangila da ke bayan Akokan. Abokan aikinsa ba su kira motar asibiti ba. Naɗe shi suka yi kamar tabarma, suka cusa shi bayan kujerar kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, suka fita da shi ta ƙofar baya, suka shimfiɗe shi a bakin hanyar Arlit. Sannan suka kawo motonsa, wato babur ɗinsa, suka sa guduma suka farfasa shi, suka yar kusa da shi, don duk wanda ya gani ya ce faɗuwa ya yi. Tun ranar ƙafafunsa ba su ƙara motsi ba. Abin da ya rage na jikinsa kuma, barci ne ke cinye shi yanzu.

Ni ce yayarsa, Inno, mai sayar da kayan miya a kasuwar Arlit. Na yi kwaleji, na iya rubutu, don haka ba sai na roƙi kowa ya faɗa mini wannan magana da taushin baki ba.

Babanmu daga ƙasar Tawa ya zo, lokacin da ake cewa duk mai hannu biyu zai samu aiki a ma'adinai. Bai samu ba, ya ƙare da tura ruwa a unguwar Bukkoki. Shi Nomau a ƙauye aka haife shi da damina, innarmu ta je ganin gida, shi ya sa sunan. Yaro ne da ba a taɓa raba shi da ido biyu ba. Ni na goye shi, na sani. Kowa ya kwanta tsakar rana don zafi, shi yana waje yana bubbuga gwangwani. Inna ta sha cewa wannan ɗa ko aljani ya fi shi hutawa. Ya bar lakwal, makarantar boko, da wuri ya shiga garejin walda, kafin gemu ya fito masa ya iya yanka ƙarfe da gas kamar mai yanka sabulu. Ƙofofi da yawa a unguwarmu aikinsa ne. Wajen gyaran injin ban-ruwa a lambunan Akokan ya ga Fadimata, ɗiyar wani mai lambu Ba'abzine, ya yi ta lalata wa tsohon shinge da yawan zuwa har aka ba shi ita. Suna da ɗiya ɗaya, Mina.

Da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan, gari ya mutu rabi. Masu sa a yi musu ƙofa suka kwashe kaya suka koma garuruwansu. Aikin da ya rage shi ne na rushe abin da aka gina, Nomau kuwa ya samu shiga wajen wannan ɗan kwangila, yana yanka ƙarafa.

A bakin ƙofar filin akwai wani allo. Kowace safiya shef ɗin ma'aikata, Faisal, yana rubuta yawan kwanakin da aka yi ba wanda ya ji ciwo. In lambar ta yi nisa, ana sabunta wa mai kamfani kwangila, ma'aikata kuma a yanka musu rago, a ƙara musu ɗan abu a albashi. In mutum ɗaya ya ji ciwo, a goge a koma sifili. Wanda ya ƙirƙiro allon ya ce don a kiyaye lafiya ne. Su kuwa ma'aikata sai suka kafa tasu doka: ba a ɓata allo. Wanda ya yanke yatsa, ya ɗaure da tsumma, ya ɓuya cikin kwantena har a tashi. Wanda gas ya ƙona, ya je asibiti ya ce man suyar matarsa ne. Suna ba da wannan labari wurin shan shayi suna dariya. Nomau ma ya yi dariyar, ba zan ɓoye ba.

Mu dai abin da aka gaya mana shi ne moto ya kayar da shi. A asibiti majo, babban malamin jinya, ya duba hoton bayansa ya ce ƙashi ya karye, laka ta tsinke. Ya tambaya wa ya ɗauko shi, kuma yaya aka ɗauko shi, kowa ya sunkuyar da kai. Aka rubuta haɗarin moto. Da wannan kalma ɗaya kamfani ya wanke hannunsa, asusun ma'aikata ma ba abin da ya haɗa shi da mai faɗuwa a hanya. Aka sallame mu da magunguna da robar fitsari.

Da farko yana faɗa. Ya zagi ƙafafunsa, ya naushe su, ya jefi bango da kwano har Mina ta riƙa gudu gidan maƙwabta. Wallahi yau ina kewar wannan faɗan. Bayan Sallar layya sai ya yi shiru, ya juya fuska bango, barci ya sauka. A tashe shi a ba shi tuwo, ya yi barci da loma a baki, sai Fadimata ta sa yatsa ta ciro. Azahar ta wuce shi, la'asar ta wuce shi. Surukinsa ya zo ya dafa masa shayi mai ɗaci irin wanda ke hana direba runtsawa daga nan har Agadas, ya sha, kofin ya suɓuce daga hannunsa. Mina ta hau ƙirjinsa tana buɗe masa ido da yatsa, ya kalle ta kamar ɗiyar wasu, ya rufe. Mutumin da hannunsa ke lanƙwasa rodi ya koma ƙashi da fata, ƙugunsa ya fara gyambo don kwanciya.

Unguwa kuwa ba ta rasa bayani ba. Wasu suka ce ƙwaya yake sha a ɓoye. Wasu suka ce iskar da ta kayar da shi a hanya ce ta biyo shi gida. Kawunmu Zayyadu ya ɗauki maganar iska. Ya jira ranar da na tafi kasuwa, ya kori Fadimata ɗaki, ya kawo wani mai lalas da gawayi da ƙarafunsa. Maƙwabciya ce ta aiko a kira ni. Tun daga zaure na ji ƙaurin nama. Na tarar an kife Nomau, mutum biyu sun danne kafaɗunsa, mai lalas yana ɗora masa jan ƙarfe a tafin ƙafa da bayan cinya, fata tana ƙonewa tana hayaƙi. Dannewar ma ba ta da amfani. Bai ji komai ba. Barcinsa yake yi. Na sa ƙafa na shure kaskon wutar, garwashi ya watsu a rigar mai lalas, na ɗauki taɓarya na raka shi har titi. Kawu ya ce na yi masa rashin kunya. Na ce masa, Kawu, in ka ƙara kawo wuta gidan nan, da kai zan fara. Ƙunar ta ruɓe, har yau muna wanke ta.

Na koma wurin majo. Mutumin kirki ne, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce barcin nan yana iya zama daga magungunan ciwo, yana iya zama numfashinsa ne ke ɗaukewa in ya kwanta, yana kuma iya zama ciwon baƙin ciki, wanda ciwo ne sosai kamar hawan jini, yana da magani, kuma yana kisa in an ƙyale shi. Ya ce rarrabe su sai manyan likitoci a Yamai, a motar da za a kwantar da shi a miƙe. Ya ce kada mu bar shi shi kaɗai, kada mu bar magani kusa da hannunsa. Da na dawo na girgiza Nomau har ya buɗe ido, na gaya masa. Ya daɗe yana kallona.

"Yaya," ya ce, "cikin barci da ƙafata nike tahiya. Don mi kuke tashe ni?"

Yana faɗa ya rufe ido, ya koma barcinsa.

A duk abokan aikinsa mutum ɗaya ne bai ɗauke ƙafa ba, Sidi, direban kamiyon. Kowace Juma'a bayan masallaci zai zo da sukari da ganyen shayi, ya zauna bakin katifa, ya yi ta surutu da mai barci. Ina sa masa albarka, ban san abin da yake biya ba. Wata Juma'a ya zo da ƙullin nama a leda. Ya ce da Fadimata rabon Nomau ne, allo ya kai inda ake so, an yanka rago. Ya sunkuya yana gyara masa matashi, yana cewa tashi malalaci, ga tsokarka ba mu ci maka ba.

Ban ga lokacin da hannun ya tashi ba. Sai dai na ga yatsun Nomau sun kewaye maƙogwaron Sidi, ɗaya hannun ya riƙe ƙeyarsa, ya jawo shi har goshinsu ya haɗu. Sidi yana shure-shure, ya ture tiren shayi, idanunsa suka firfito, harshensa ya leƙo. Ni da Fadimata muka kama hannun muna ja, kamar mu ja ƙarfen da aka yi wa walda. Na cije shi a wuyan hannu har na ji gishirin jini, bai saki ba. Murya ƙasa-ƙasa yake magana.

"Yatsun ƙafata suna motsi, Sidi. Ka gani da idonka. Kafin ku naɗe ni suna motsi."

Sai riƙon ya fara sassautawa da kansa. Kansa ya koma kan matashi, bakinsa ya buɗe. Barci ya ɗauke shi da hannunsa a wuyan mutum.

Sidi ya rarrafa tsakar gida ya yi amai. Da numfashinsa ya dawo, ban ba shi ruwa ba sai da ya faɗi komai. Ya ce da ƙarfen ya faɗo, sun ɗaga shi, Nomau yana kwance yana salati, yana motsa yatsun ƙafa cikin takalmi, har ya ce a duba, ba su mutu ba. Shef Faisal ya zo ya tsaya, ya ce kwangila na hannun mai sa hannu a wannan satin, kowa ya san abin da ya kamata. Ba wuri a kamiyo sai bayan kujera, saboda mai gadin ƙofa yana leƙa bayan mota. Suka haɗa gwiwarsa da ƙirjinsa. Sidi ya ce ya ji ƙarar a tafin hannunsa, kamar an karya rake. Ya kuma ce, yana kuka, wai Nomau da bakinsa ya ce kada a ɓata allo.

Wataƙila ya faɗa. Ina jin ma abin da ke danne shi ke nan, ya sa ba ya son buɗe ido ya ga kowa. Amma mutumin da ƙarfe ya raba wa baya ba shi ne alƙalin yadda za a ɗauke shi ba. Ku da kuke tsaye da ƙafafunku fa?

Washegari na ɗauki gudumar Nomau na hau kabu-kabu zuwa Akokan. Allon yana nan, an rubuta lambar ranar da alli mai kyau. Na sauke masa guduma har ya rabu. Faisal ya fito yana cewa Hajiya lafiya, Hajiya a yi haƙuri, na watsa masa naman ragon a fuska. Mai gadi ya buge ni da kulki a baki, haƙorina na gaba ya tafi, aka kai ni kwamisariya wurin 'yan sanda na yini. Da na fito aka ce mini sun riga sun kafa sabon allo, lambar ba ta ragu ba.

Yau da nake rubutun nan Nomau yana bayana a kwance. Tun safe cokali biyu na kunu ya shiga cikinsa. Fadimata tana juya shi, tana kiran sunansa, Mina ta daina hawa ƙirjinsa.

To, mai kamfani, da kai nake, kai da shef ɗinka. Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Ku je inda aka rubuta haɗarin moto ku ce ƙarya ce, a filinku ya karye, a motarku lakarsa ta tsinke. Ku kawo motar asibiti ƙofar gidan nan, mai gado, ku kai shi Yamai a miƙe, ku biya likitan baya da likitan da zai duba wannan barci, tun yana iya buɗe ido in an girgiza shi. Kai Sidi, da ku sauran da kuka ci ragon, ku zo ku maimaita a gaban hukuma abin da aka faɗa a tsakar gidanmu. Allon nan kuma ku goge shi da hannunku, ku rubuta sifili, ku bar shi haka kowa ya gani.