Baba Wahid, Mai Makullan Ravensey House

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, ina tsakiyar aiki a asibiti Fausia ta kira ni ta ce mahaifinta, Baba Wahid, ya cika da hantsi. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe kuma in rasa abin da na tashi yi. Jiya na tsinci kaina a unguwar Plumstead ta London, ina leƙen tsohon gininmu, Ravensey House, ta kafar shingen katakon da aka kewaye shi da shi.

Baba, shekara talatin da ɗaya kana kula da wannan bene mai hawa goma sha shida. Ka baro zangon Kumasi kana saurayi, ka fara da shara, har makullan ginin duka suka dawo ƙugunka. Ranar da muka tare a 2003, ka ji ina yi wa maigidana mita da Hausa a bakin lift, sai ka jingine tsintsiya ka ce, "Kai, ɗiyana, daga ina ka fito?" Na yi dariya, don ban taɓa jin an ce wa mace "kai" ba. Ka sungumi akwatin da ya fi nauyi ka yi gaba.

Ni ginin bai kwanta mini ba. Siminti ne ruwan toka, iska sai kuka take a matakala. Da na ce maka ya yi kama da kurkuku, sai ka ce in biyo ka. Ka kai ni hawa na tara wurin Mrs Doreen, tsohuwar Baturiyar da ta shiga ginin tun yana sabo, a 1964. Ta ba ni labarin layinsu na da, wanda bama-baman yaƙi suka cinye rabinsa, inda gida biyar ke haɗa banɗaki ɗaya a waje. Ta ce ranar da ta murɗa famfo a nan ta ga ruwan zafi, zama ta yi a bakin baho ta sha kuka. Da muka fito ka ce, "Ka ji ko? Don talaka aka gina shi. Kada ka ƙara zagin shi."

Da lift ya mutu sati uku, kai ne ka riƙa hawa da cefanenta kullum, ga gwiwarka na ciwo. Da ta rasu ba dangi, ka bi ƙofa-ƙofa, Yarabawa da Somaliyawa da 'yan Ireland, har muka cika bas biyu muka raka ta.

Sai kamfanin da ya karɓi ginin ya ce rushe shi za a yi. A wurin taro ka miƙe, hularka a hannu, ka ce musu ginin nan ba ciwon ajali yake ba, ƙin duba shi aka yi. Suka yi maka godiya, suka wuce ga mai tambaya na gaba. Haka aka watsa mu. Kai aka ba ka flat a wani gari na bakin teku, tafiyar jirgin ƙasa biyu daga London, babu masallaci kusa, babu mai jin Hausa.

Kakan kira ni ka ce, "Shafa'atu, yaushe za ka zo? Nan ba wanda yake buga mini ƙofa." Sau ɗaya na yi booking ɗin tikiti, aka soke jirgin, na ce sai sati mai zuwa. Wata bakwai ina cewa sati mai zuwa. Fausia ta ce kullum da safe sai ka shirya tsaf ka share ƙofar maƙwabta, alhali ba wanda ya sa ka, su kuma ba su san ko kai wane ne ba.

Wurin jana'iza mutanen Ravensey suka zo daga gari-gari. Nathaniel na hawa na uku, da ba Musulmi ba, ya tsaya daga baya yana share hawaye. Ni na kasa haɗa ido da Fausia. Ka yafe mini, Baba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa kowace matakala da ka hau domin wani ta zama nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalinka, Inna Ajara, da Fausia, da Muniru, da jikoki, da jama'ar zango na nan da na Kumasi. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, kai kuma Ya sauke ka a gidan da ba a tashin kowa daga cikinsa. Amin.