Mukullin Sito da Bappa Hamajoɗa

Ƙanin mahaifina, Bappa Hamajoɗa, masinja ne a wata sakandare a Jimeta, amma in ka ji shi yana baza ilimi a ƙofar gidanmu na Rumde, sai ka rantse shi ya raini Turawan duniya. Bature ɗan Ingila, in ji shi, fuska a murtuke, gaisuwa kalma biyu. Ɗan Faransa na hayin Garwa ta Kamaru kuwa sai surutu da wurga hannu. Duk wannan sani daga ɗaukar fayil ya samo shi.

Ana cikin yayin sabuwar Jihar Arewa maso Gabas aka kawo wani Ba'amurke, Mista Eli, malami mai kula da kayan makaranta. Mutum ne mai washe baki ga kowa, har akuyar maigadi. Ya dafa kafaɗar Bappa, ya kira shi aboki, ya zauna a tabarmarmu ya ci tuwo da hannu. Shi ke nan kan Bappa ya kumbura.

"Wannan namu ne," yake ce mana. "Ya san abin da ke cikina tun ban faɗa ba."

Abin da ke cikinsa kuwa mukullin sito ne. Shekara goma sha ɗaya yana mafarkin ya bar keken masinja ya zauna a kujera. Da mai siton ya yi ritaya, Mista Eli ya tare Bappa a baranda yana murmushin nan nasa.

"Abokina, kana son aikin sito?"

Bappa ya sunkuyar da kai, kamar yadda duk ɗan mutunci na Yola zai yi. "A'a, Maigida. Ni wa? Inda nake ma ya ishe ni."

Ya tsaya yana jiran a sake tambaya, a lallashe shi, ya karɓa a ta uku. Ba'amurken ya ce, "To, madalla!" Ya buga masa baya, ya wuce. Kafin azahar mukulli na aljihun Zadok, mai share ajujuwa, wanda aka tambaya sau ɗaya ya ce yana so.

Har yau abin na ba ni haushi, kuma ban san wanda ya fi ban takaici ba: mai murmushin da bai san kunya ba, ko gwanin Turawan da bai san nasa Baturen ba.

Bappa ya ƙara shekara tara a kan keke. Kullum da safe Zadok ne ke miƙo masa fayil.