Rufin Asirin da Na Ƙi Yi

A watan Maris akwai ranar da ɗaliban jami'o'in ƙasar Turawan nan da muke zaune suke sa koren kaya, su fara shan giya tun kafin karin kumallo. Wai biki. Jami'ar da 'yata take ta san ba ta iya hanawa, sai ta riƙa kafa rumfuna tana raba ruwa da burodi. Ta kuma yi doka cewa wanda ya kira motar asibiti don abokinsa ya bugu, ba mai hukunta shi, ba mai hukunta abokin. Da na ji, tsaki na yi. Na ce wannan ai ɗaure wa ɓarna gindi ne.

Wata shekara, a irin ranar, da la'asar ina gida a Germantown, 'yata ta kira ni. Da Hausa ta yi magana, ita da kullum da Turanci take amsa mini, sai na san ba lafiya ba. Abokiyar ɗakinta ce ta sha har ta sheme, 'yar aminiyata da muke coci ɗaya a Takoma Park, wadda muka san juna tun Kaduna.

"Mama, ki zo ki ɗauke ta a ɓoye, kada mamanta ta ji."

Ni nas ce. Na ce, "In kin girgiza ta tana motsi?"

"A'a."

"Numfashinta fa?"

"Yana yi yana tsayawa."

"Juya ta ta kwanta ta gefe, ki kira motar asibiti yanzun nan."

"Mama, kowa zai ji!"

"Su ji mana!"

Na san abin da take tsoro, da shi aka raine mu: a rufa asiri, a yi shiru. Amma kafin in ratsa cunkoson babbar hanya, wa ya san abin da zan tarar?

'Yata ta kira, aka kai yarinyar asibiti, ta farfaɗo. Jami'a ta cika alkawari, zama da mai ba da shawara kawai aka sa yarinyar. Mutanenmu ne ba su da irin wannan doka. Kafin Lahadi labari ya zagaye coci, uwar ta ce na tona mata asiri. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau yana yi.

Bara yarinyar ta gama karatu. A wurin walima na hango uwar tana gyara mata ɗankwali tana dariya. Na gaishe ta, ta kau da kai. Na tsaya ina kallon 'yar tana cin shinkafa.