Lambar da Kawu ya rubuta a bango

Shagon hoton kawuna yana bakin titi a Jega, kusa da inda motocin Aliero ke lodi. Ya buɗe shi tun shekarun da aka yanke mana jihar Kebbi, da kyamarar fim guda da wani labule mai zanen teku, ga shi shi kansa bai taɓa ganin teku ba. Ni na shigo aikin daga baya, lokacin da fim ya mutu kwamfuta ta gaje shi. Aikina ɗaya ne, hoton mata.

Akwai mazan da ko za a yanka su ba za su bari namiji ya ɗauki matansu hoto ba, amma ni mace ce, ana barina in shiga har ƙuryar ɗaki. Suna, biki, saukar karatu, na je Katanga, na je Kuberi, na je ƙauyukan da mota ke sauke ki ki ƙarasa a kan babur. Duk gidan da na shiga magana guda nake yi: ni zan ɗauka, ni zan wanke, ba idon namijin da zai sauka a kai. Da wannan alkawarin mata ke cire mayafi, su warware ɗankwali su nuna kitso da lalle. Kuma ban ɗauki maganar da wasa ba. Ina da ɗakina a bayan shago, da kwamfutata da injin buga hoto, an saka labule mai kauri a ƙofa. Kawu da kansa, mai shagon, sai ya tsaya daga waje ya yi sallama in fito.

Da aka buɗe jami'a a Aliero, ɗalibai suka fara zuwa hoton fasfo da tura takardu, sai Kawu ya sa aka kawo mana intanet. Wani ɗan akwati ne mai ƙaho biyu aka kafa saman kanta, yana watsa waifai. Wanda ya kafa shi ya haɗa kwamfutar gaba da tawa ta baya, don in na gyara hoton fasfo Kawu ya ɗauka daga wurinsa ba sai na kai masa ba. Ya buɗe mana jaka guda ta ajiye hotuna a kwamfutata wadda duk biyun ke gani. Ni kuwa, da wayona, a cikin wannan jakar na yi wa hotunan mata tasu ƙaramar jaka, don nan ne hannuna ya saba zuwa.

Kawu mutum ne mai son baƙo har abin ya yi yawa. Ba ka zama a bencinsa ba a miƙo maka ruwa ba, in lokacin abinci ne kuwa kwano ɗaya za ku sa hannu. Da mutane suka fara tambayar lambar sirrin waifai, sai ya ga abin kamar ruwan randa ne, ba a hana wanda ya roƙa. Da ya gaji da maimaitawa, ya ɗauki alli ya rubuta ta a bango da manyan baƙaƙe. Na yi ƙorafi sau ɗaya, ba don na hango wani haɗari ba, don intanet ɗin ya koma tafiyar hawainiya ne kawai. Ya ce in bar mutane su sha, Allah ne ya kawo. Lambar ta fi shekara a bangon.

Wata ranar kasuwar Jega da hantsi, wani malamin sakandare daga Maiyama ya zo tura takardun makarantarsu. Dattijo ne mai furfura a gemu, shi ke koyar da kwamfuta, kuma tsohon abokin Kawu ne. Ya zauna a benci da kwamfutarsa a cinya. Can sai na ji yana sallama a bakin labulena, abin da ba a saba ba. Na fito na tarar ya rufe kwamfutar ya rungume ta a ƙirji, kansa a ƙasa.

Ya ce in yi masa afuwa. Yana neman injin buga takarda ne, sai ya ga sunan kwamfutata ya fito a tasa, ya danna, jaka ta buɗe, hoto ya fito. Guda ɗaya ya gani ya rufe. Na tambaye shi wanne. Ya ce wata mai jego ce riƙe da jariri, kanta ba ɗankwali, bayanta bangon ɗaki mai shuɗin fenti.

Na san ta. Matar wani manomin albasa ce a Jiga Makera, haihuwarta ta fari. Mijin ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya yarda, sai da ya tsayar da ni a zaure ya sa na maimaita alkawarin a gabansa. Ita kuwa kwana biyu ta yi ana yi mata kitson nan. Raina ya ɓaci, kuma ban san wa zan fara da shi ba.

Malam ya yi mana bayani a hankali. Ya ce duk wanda ya shiga waifai ɗinmu da wannan lambar, akwatin yana ɗaukarsa ɗan gida ne, daidai yake da kwamfutar Kawu. Abin da Kawu ke iya buɗewa, shi ma yana iyawa. Na tambaye shi ko akwai hanyar sanin wa da wa suka taɓa buɗewa. Ya ce a irin namu babu. Na juya na dubi bencin: ɗalibai uku, wani direba, da mai sayar da katin waya da ke wuni a nan kullum. Ban zargi kowa ba, kuma ban iya wanke kowa ba.

Maganin, in ji Malam, ba wuya gare shi. Akwatin yana iya watsa waifai biyu, ɗaya na baƙi wanda intanet kawai zai ba su, ba za su ga kwamfuta ko injin shago ba, ɗaya kuma namu mu kaɗai, da sabuwar lamba. Ina jin haka na ce a yi yanzu. Kawu ya ce a'a.

Wai shi ba zai ware wa baƙo nasa daban ba. Tun da ya tashi bai taɓa zuba wa baƙo abinci a wani kwano shi ya ci a wani ba. Mutum ya zo wurinka, ka ce ga naka ga nawa, ai ka ce masa ɓarawo ke nan. Ya ce a cire hotunan daga jakar a huta, amma lamba ɗaya za ta zauna. Malam ya ce cire hotunan daidai ne, sai dai ƙofar tana nan a buɗe, gobe wani abin za a manta a ciki.

Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba, a hannunsa na girma. Ranar ma ban ɗaga ba, amma maganar ta fito da zafinta.

"Kawu, shekara nawa Malam yana zuwa gidanka?"

Ya ce sun fi ashirin.

"Sau nawa ya wuce zaure?"

Kawu ya dubi Malam. Malam ya yi 'yar dariya ya ce ko sau ɗaya, kuma bai taɓa jin an wulaƙanta shi ba, tuwon da ake ci a ciki shi ake fito masa da shi. Kawu ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce ni dai bakina zai kai ni inda ƙafata ba ta zuwa. Sannan ya ɗauki tsumma ya jiƙa, ya goge bangon da hannunsa.

Kafin azahar Malam ya gama. Kawu ne ya raɗa wa waifai biyun suna, na baƙi Zaure, namu Cikin Gida, yana ta jin daɗi kamar shi ya ƙirƙiro dabarar. Malam ya shiga ta Zaure ya nemi kwamfutata a gabana, bai same ta ba. Na sa ya sake nema har sau uku. Hotunan mata kuma na kwashe su zuwa inda ni kaɗai ke da lamba. Sabuwar lambar Zaure ta koma bango da alli, benci ya ci gaba da cika, ba wanda ya ma lura an canja wani abu.

Abin da ya rage ni ya shafa. Kawu ya ce in bar maganar, tunda mai jegon ba ta sani ba me zai dame ta. Na kwana uku ina juya abin, ranar na huɗu na hau motar Aliero, daga can na hau babur zuwa Jiga Makera. Lokacin cirar albasa ne, duk ƙauyen yana warinta. Na same ta tana shanya kayan yaron. Ta yi murna, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Ban iya sha ba sai da na faɗa mata komai.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na fi jin sauƙi. Ta tambayi mutum nawa suka gani. Na ce guda na sani, dattijo ne mai tsoron Allah, sauran ban sani ba. Na fara yi mata bayanin akwati da ƙofa biyu da yadda aka gyara, sai ta ɗaga hannu.

"Ni ban san wanga akwati ba, Yaya. Ke na cire ma ɗankwali."

Ta ce maganar mijinta in bar mata, ita ta san yadda za ta yi da ita. Har yau ban san ko ta faɗa masa ba. Ta raka ni har bakin zaure kamar kullum.

Bayan shekara biyu ta sake haihuwa, kuma ni ta aika a kira. Na yi murna ƙwarai, na ɗauka maganar ta wuce. Na shiga ɗakin nan mai shuɗin bango na same ta zaune bakin gado da jaririya, cikin hijabi har ƙasa. Ta ƙasan hijabin ina hango tudun sabon kitso. Na sa ƙanwarta ta saki labule, na ce mata ba kowa sai mu, kuma can shago yanzu ko Kawu ba ya iya buɗe jakar. Ta ce ta sani, ta ji an gyara. Ta gyara wa jaririyar zani, ta dubi kyamara.

"Ɗauki haka nan," ta ce.

Na ɗauka.