Cikin da Lawban Ta Ɓoye

"Lawban, wannan tumbin ba na shinkafa ba ne! In an haihu, sunana za a sa!"

Haka na ɗaga murya a tsakiyar kasuwar takalma ta Sinawa da ke Zhanxi, shekarar da suka karɓi baƙuncin Olamfik, ina nuna cikin matar da nake sarin kaya a shagonta. Lawban muke ce mata, wato mai shago. Ni kuwa tsokana ce sana'ata ta biyu.

Ba ta yi dariya ba. "Meyo! Meyo!" in ji ta, wai babu. Ta ja ni bayan kwalaye, hannunta na rawa.

Da guntun Turancinta ta ce, "Musa, ina da ɗa ɗaya, doka ta ce ya isa. In maƙwabta suka kai rahoto, za a matsa mini in zubar. Ni kuma ina son abina."

Na ce wallahi bakin da ya ɓata shi zai gyara.

Na fito na bi shago-shago ina nuna tumbin kowa, har da wani tsoho mai sanƙo, ina cewa duk a sa sunana. Kasuwa ta ɗauke ni taɓaɓɓe, aka manta da ita.

Ba da jimawa ba ta tafi ƙauyensu. Da ta dawo ta nuna mini hoto a waya: "Mace ce. Amma a gida Musa muke ce mata."

Har yau in ana musu kan dokar zubar da ciki, rawar hannunta nake tunawa. Ku masu musun, kun taɓa tambayar mai cikin?